Kufan Ma'adinai da Hanyoyin Mafarauta a Ƙasar Zuru

Dajin da ya kewaye Manga da sauran tsofaffin garuruwan ƙasar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, yana kan wani dogon zirin ƙasa mai arzikin ma'adinai. Zirin ya taso daga Yauri a bakin kogin Kwara, ya ratsa Zuru, ya nausa arewa maso gabas zuwa Bukkuyum da Anka a Jihar Zamfara. A tsawonsa akwai alamomin haƙa na zamani uku: tudun kashin maƙera na masu narka tama na dā, ramuka da kufan bariki na masu neman zinari a zamanin Turawa, da kuma sababbin ramukan da matasa ke haƙawa yanzu. Waɗanda suka fi kowa sanin inda suke su ne mafarautan da ke ratsa dajin da karnukansu kowane rani, sai makiyaya da mata masu neman itace. Tarihin waɗannan wurare yana nuna abu guda da ya yi ta maimaituwa: mai haƙa yakan kwashe abin da ya zo nema ya tafi, ramin kuwa ya zama gadon mai gona.

Ƙasar da mutanenta

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba, kuma tana da manyan sarautu biyar: Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu. Manga, kamar Dabai da Rikoto da Senchi, gari ne na Lelna, mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari. Suna maƙwabtaka da Fakkawa da Dukkawa da Kambari, ga kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe da zama a cikinsu. Hausa ce harshen kasuwa da ya haɗa kowa.

Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, mai ɗorawa da kaɗanya da kirya da marke. A ƙarni na 19 duwatsun nan ne suka zama mafaka. Bayan Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora, shi da ɗansa Ibrahim sun yi shekaru suna kai hare-haren kamun bayi a ƙasashen da ke kewaye, saboda haka jama'a suka riƙa zama a kan tudu suna saukowa noma. Sojojin Turawa sun ci Kontagora a 1901, daga nan mutane suka fara saukowa fili sannu a hankali, suna barin tsofaffin mazaunansu. Ƙasar Zuru ta zauna a ƙarƙashin Lardin Kontagora, daga baya Lardin Neja, ta shiga Jihar Sakkwato a 1976, sannan ta zama ɓangaren Jihar Kebbi da aka ƙirƙira a 1991.

A al'adar Lelna, noma da kokawa da farauta su ne ma'aunin namiji. Saurayi yakan yi shekaru yana golmo a gonar surukansa kafin a ba shi mata, kuma bikin Uhola na bayan girbi shi ne babban taron shekara. Matansu sun yi suna wajen gina tukwane masu siffofi da ake ɗorawa a kan kaburburan manyan mutane, irin su shahararren manomi ko ɗan kokawa ko maharbi ko maƙeri. Shigar maƙeri cikin wannan jeri ta isa ta nuna matsayin ƙarfe a rayuwar ƙasar.

Zamanin tama

Aikin ƙarfe ya daɗe a wannan yanki. Binciken da masana kayan tarihi suka yi kusa da Yelwa a shekarun 1960, kafin ruwan madatsar Kainji ya mamaye wurin, ya gano mazaunan mutanen da ke amfani da ƙarfe fiye da shekara dubu da suka wuce. Har Turawa suka zo, fartanya da garma da gatari da kibiya da mashi galibi daga tamar gida ake samunsu.

Narka tama aikin rani ne, kuma aikin taro. Wasu su haƙo tamar daga gefen tudu su farfasa ta, wasu su sare kirya su ƙona gawayi, domin gawayinta ya fi kowane ƙarfin wuta da jimiri. Sai a gina murhu na laka, a dasa masa bututai a gindi don shigar iska, a zuba gawayi da tama hawa-hawa, a kunna wuta. Wutar takan ɗauki dogon lokaci tana ci kafin dattin dutse ya narke ya gangara ƙasa, ya bar dunƙulen ƙarfe. Wannan dunƙulen ake kai wa maƙeri ya sassare shi, ya yi ta dukansa da masaɓa a kan uwar maƙera har ya tsarkaka. Dattin da ya daskare shi ne kashin maƙera: baƙi, mai nauyi, mai ƙananan ramuka, wanda ruwan sama da gara ba sa iya cinye shi.

Sana'ar ta mutu ne a cikin ƙarni na 20, kuma kasuwa ce ta kashe ta. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 ta Minna da Zariya, reshensa ya kai Gusau da Ƙaurar Namoda a 1929. Sandunan ƙarfe daga Turai da tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota suka cika kasuwanni a kan farashin da mai narka tama ba zai iya karawa da shi ba. Maƙera suka ci gaba da ƙira, amma murhun tama ya rushe, ilimin gina shi ya bi tsofaffi zuwa kabari.

Turawa da dokar ma'adinai

Tun kafin Turawa su gama cin Arewa suka tsara yadda za a raba abin da ke ƙarƙashin ƙasarta. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja a 1900, ta amince za ta riƙa ba kamfanin rabin kuɗin haƙƙin ma'adinan da aka haƙa tsakanin kogin Kwara da layin da ya tashi daga Yola zuwa Damagaram, har tsawon shekara 99. Yauri da Zuru da Zamfara duk suna cikin wannan yanki. Sai a 1950 gwamnati ta fanshi wannan haƙƙi daga magajin kamfanin, wato UAC, a kan fam miliyan ɗaya.

Dokokin ma'adinai na 1916 da 1946 sun mallaka wa gwamnati duk abin da ke cikin ƙasa. Manomi yana da ikon saman gonarsa, amma wanda ya zo da lasisi daga hukuma shi ke da ikon tona ta. An kuma tura masana binciken duwatsu, farko daga 1904 zuwa 1909, sannan a ƙarƙashin hukumar binciken ƙasa da aka kafa a 1919. Ayyukan irin waɗannan masana ne suka bayyana cewa zinarin yankin yana kwance a cikin jijiyoyin farin dutsen ƙanƙara da suka bi wani babban tsagi na ƙarƙashin ƙasa daga Anka zuwa Yauri. Ruwan damina na dubban shekaru ya zaizaye jijiyoyin, ya watsa ƙwayoyin zinari a cikin yashin rafuka.

Shekarun zinari

An fara rubuta adadin zinarin da ake samu a Najeriya a 1913, amma da farko hankalin Turawa yana kan kuzar Jos. Abubuwa uku ne suka juya lamarin. Karyewar tattalin arzikin duniya a 1929 ta faɗar da farashin kuza, aka ƙayyade haƙarta daga 1931, dubban leburori da Turawa masu ƙananan filaye suka rasa aiki. A 1931 Ingila ta raba kuɗinta da ma'aunin zinari, farashinsa ya tashi. A 1934 kuma Amurka ta ɗaga farashin oza daga dala 20.67 zuwa dala 35. Nan da nan masu neman sa'a suka bazu a Minna da Birnin Gwari da Zamfara da Yauri. A ganiyar wannan zamani Najeriya tana fitar da fiye da tan ɗaya na zinari a shekara. Sunayen wurare irin su Bin Yauri, da Kwali da Jameson da Zuzzurfa da Kuba a ƙasar Anka, da Maraba a ƙasar Maru, tun lokacin suka shiga takardun masana.

Mafi yawan aikin na hannu ne. Lebura yana sara da diga, wani ya loda da shebur, wani ya ɗauka a kwanon sarki zuwa bakin ruwa. A can ake zuba ƙasar a cikin doguwar kwatarniyar katako, ruwan da aka jawo ta lambatu ya tafi da yashi, mai nauyin ya zauna. Daga ƙarshe mai wanki ya ɗebi abin da ya rage a faranti, ya riƙa juya shi a cikin ruwa har baƙin yashi ya janye, ɗan garin zinari ya fito a gefe. Inda aka bi jijiya cikin dutse, sai a yi rijiya mai zurfi ko a huda gefen tudu, a fasa da nakiya, a niƙa dutsen.

Da yawa daga ma'aikatan ba albashi ake biyansu ba. Mutum yakan wanke abin da ya samu ya kai wa mai lasisi, shi kuma ya auna ya biya shi a kan farashin da ya yanka, wanda yake ƙasa ƙwarai da na kasuwar duniya. Doka ta hana cinikin ɗanyen zinari ba da izini ba, saboda haka mai wankin ba shi da wani halastaccen mai saye. Harajin da ake biya da kuɗi shi ne babban abin da ya kai manoma ramuka: mutum ya gama girbi, ya tafi cin rani bariki, ya dawo da kuɗin haraji da 'yar riga. A kusa da kowane sansani kasuwa takan tashi, da masu tuwo da mahauta da makaɗa da 'yan caca, ƙarƙashin wani helma da ke tsakanin Bature da leburori.

Yaƙi da ɗiban gwamna

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo ƙarshen wannan zamani. A farkon 1942 Japan ta kame Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzar da take buƙata. Gwamnatin Gwamna Bernard Bourdillon ta mayar da ƙarfinta kan Jos, ta taƙaita aikin zinari, ta kuma kafa dokar aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi maza fiye da 100,000 daga lardunan Arewa ta hannun hakimai da dagatai, kowane rukuni ya yi watanni a filin kuza. Talakawa suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Sanyin Jos da ƙarancin abinci da cunkoson bukkoki sun kashe mutane da yawa, wasu kuma suka gudu suka koma gida a ƙafa. A 1943 an haƙa kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba.

Bayan yaƙi zinari bai farfaɗo ba. Farashinsa ya tsaya a dala 35 shekara da shekaru alhali tsadar aiki tana hawa, kuma an riga an wanke yashin da ya fi sauƙi. Masu lasisi suka kwashe injinan da za su ɗauku suka tafi. Dokar 1946 ta tanadi a gyara ƙasar da aka tona, amma ɗan abin da aka yi a Jos aka yi shi, inda aka baje wasu tuddai aka dasa bishiyoyin turare. Ramukan Yauri da Zamfara an bar su a buɗe. Hukumar haƙar ma'adinai ta ƙasa da aka kafa a 1972 ta sake yin bincike a Bin Yauri a shekarun 1980, amma babbar haƙa ba ta biyo baya ba, domin man fetur ya riga ya ɗauke hankalin gwamnati.

Abin da mafarauci ke tararwa

Farauta da karnuka aikin rani ce. Idan an kai amfanin gona gida, ciyawa ta bushe, wuta ta ci gamba, sai dajin ya buɗe. Mafarauta sukan fita da sassafe cikin hazon hunturu, da gora da barandami da kwari da baka, wasu da bindigar toka. Karen farauta na wannan yanki siriri ne, mai gajeren gashi da dogayen ƙafafu, yawanci ja ko mai roɗi, kuma tun yana kwikwiyo ake haɗa shi da manya ya koyi bin sawu. Yana gaba yana sansana ƙasa, ubangidansa yana karanta motsinsa: in ya miƙe da gudu, zomo ne ko gada, in ya tsaya yana tono yana huci, abin yana cikin rami.

Tsofaffin wuraren haƙa suna jan namun daji. Tarin duwatsun da aka fitar daga rami ya zama gidan gafiya da damo da tunku. Beguwa takan shige kogon da aka huda a gefen tudu, jemagu su mamaye rufinsa. Kududdufin da ya taru a tsohon wurin wanki yakan riƙe ruwa bayan rafuka sun ƙafe, saboda haka zabin daji da fakara suke sauka a bakinsa, makiyaya ma suke karkato da shanu. Mai lura zai gane aikin hannun mutum ko da ciyawa ta rufe shi: lambatun da ya bi gefen tudu a miƙe ba irin tafiyar ruwa ba, tsibin fararen duwatsu masu kaifin baki waɗanda guduma ce ta fasa su, dandamalin siminti da ƙusoshin ƙarfe a tsaye inda inji ya taɓa zama, da bishiyar mangwaro ita kaɗai a tsakiyar daji inda gidan Bature ya taɓa kasancewa. Inda aka narka tama kuwa, ƙafa takan taka kashin maƙera da gutsattsarin bututun laka da wuta ta mayar ja.

Haɗarin wuraren ba ƙarami ba ne. Rijiyar da kurmi ya rufe bakinta ba ta ganuwa sai an zo kanta, kuma kare mai bin zomo ba ya duba ƙasa. Katakon da aka tokare kogo da shi ya daɗe da ruɓewa, iskar ƙasan rami tana iya shaƙe mutum, ga kububuwa da gamsheƙa da ke son sanyin duwatsu. Shi ya sa tsohon maharbi yakan kira karnukansa su dawo gefensa kafin a shiga irin wannan wuri, ya kuma nuna wa yaran da ke biye da shi bakin kowane rami. Ta wannan hanya ce sanin wuraren ke wucewa daga uba zuwa ɗa.

Dawowar haƙa

Farashin zinari ya tashi daga ƙasa da dala 300 a 2001 zuwa fiye da dala 1,000 a 2009, sai tsofaffin ramuka suka sake cika da mutane. Matasa suka bi sawun Turawa, domin inda aka taɓa samu nan ake fara nema. Wannan karon sun zo da injin niƙa irin na hatsi da kuma zaiba, wadda ake cuɗa garin dutse da ita ta kama zinarin, sannan a ƙona ta tashi hayaƙi mai guba.

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maƙwabtan Danko-Wasagu. Dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma, ƙurarsa ta gauraya da ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta da Abare da Yargalma da Bagega, dubbai kuma suka buƙaci magani. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a Shikira ta Jihar Neja.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara bisa zargin alaƙarta da 'yan bindiga, ba ta ɗage hanin ba sai a Disamban 2024. A Yunin 2021 aka sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba kuma suka sha hare-hare. Mafarauta da yawa sun shiga aikin sa-kai saboda sanin daji, wasu sun rasa rayukansu, kuma akwai dazuzzukan da farauta ta gagara a cikinsu. A ɗaya gefen, gwamnati ta yi ƙoƙarin shigar da ƙananan masu haƙa cikin tsari: Kebbi na cikin jihohin da aka fara shirin PAGMI na ƙananan masu haƙar zinari, wanda a Yulin 2020 ya gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinari mai nauyin kilo 12.5.

Matsayin kufan a yau

Wasu ƙasashe sun mayar da irin waɗannan wurare makarantar tarihi. A Kwanwal ta ƙasar Ingila, wadda injiniyoyinta da yawa suka yi aiki a filayen kuzar Najeriya, mahaƙar kuza ta ƙarshe ta rufe a 1998, kuma a 2006 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. An toshe ko an kange bakin rijiyoyi, an gyara hanyoyin ƙafa, mutane suna yawo da karnukansu a tsakanin tsofaffin gidajen inji. A Najeriya ma haƙar kuza ce ta tono gumakan Nok, waɗanda suka zama tushen gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar da zai yi aiki a ƙasarta, ya kuma gyara wurin idan ya gama. Amma dokar ba ta da wanda za ta kama a kan ramin da aka bari tun 1940, kuma da wuya take kaiwa ga ramin da ba shi da lasisi. Aikin da ke gaban hukumomi da masarautun Zuru da Yauri da Anka kashi uku ne: a ƙididdige tsofaffin ramuka a sa su a taswira tare da mafarauta da makiyayan da suka san su, a rufe masu haɗari a kuma gwada ƙasa da ruwan da ke kusa da su, sannan a kare tudun kashin maƙera da kufan bariki daga masu kwasar dutse, tare da rubuta abin da dattawan da suka ji daga bakin iyayensu ke iya faɗa game da tama da zinari da ɗiban gwamna.